Takardun da Baba Ya Tsinta

Baba ba ya iya wuce takarda a ƙasa. Ko asibiti za mu, ko mota na jiranmu direba na ta danna hon, in dai idonsa ya faɗa kan guntuwar takarda mai rubutu sai ya tsaya ya sunkuya, ya ɗauka, ya kakkaɓe ta a jikin jallabiyarsa, ya cusa a aljihu. Da ina yarinya kunya abin yake ba ni. Nakan yi gaba kamar ban san shi ba, in bar shi yana tsintar jarida a gindin katangar mutane.

Dalilinsa ɗaya ne. A garinmu komai da harafin Larabci ake rubuta shi, kuma ba a cika fara rubutu ba tare da sunan Allah a sama ba. Takardar likita, takardar jarrabawa, katin biki, jaridar da aka ƙunshe ƙosan ta'amiyya a ciki, duk ɗaya suke a wurinsa. Ko babu bisimilla, cewa yake wa ya sani ko akwai sunan wani bawan Allah a ciki wanda rabin sunan nasa na Ubangiji ne. Kakansa ya taso daga ƙasar Hausa a ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a hanya, ya zauna nan Omdurman yana koyar da karatu, kuma a wurinsa Baba ya ga wannan ɗabi'a. Shi Baba ba malami ba ne. Bakanike ne a garejojin Alshajara har ƙarfinsa ya ƙare, amma wannan gadon kam ya riƙe shi hannu bibbiyu.

A tsakar gidanmu a unguwar Alsawra, ƙarƙashin rumfa, akwai duron ƙarfe da murfinsa, mu barmil muke ce masa. Nan takardun ke shiga. In ya cika sai Baba ya zaɓi ranar da babu iska, ya yi alwala, ya ƙone su kaɗan-kaɗan a wata tsohuwar tasa, ya tattara tokar a gwangwani, ya hau mota zuwa bakin Nilu ya zuba a ruwa. Haka na taso na gani, ban taɓa tunanin aiki ne da zai iya tsayawa ba.

Shekarar da nake ba da labarinta ina koyarwa a firamaren 'yan mata ta unguwarmu, ina zaune gidan iyayena. Cutar yana ta rufe wa Baba ido, sai dishi-dishi yake gani. Da sanda yake zuwa masallaci, kuma bakin sandar ya koyi takarda, da ta taɓa ya ji motsinta sai ya sunkuya. Tsinta ba ta tsaya ba, ƙonawar ce ta tsaya, don ba ya ganin wuta, kuma ya ƙi yarda wani ya ƙone masa. Wai mu gaggawa gare mu, za mu bar iska ta kwashi rabin aya ta kai bayan gida. Barmil ya cika har murfi ya ƙi rufuwa, aka fara tarawa a buhu.

Ana cikin haka wata mota mai lasifika ta zaga unguwa tana kiran taro a harabar makarantarmu bayan la'asar. Wani jami'in hukumar gari ya zo, saurayi mai farar riga da biro uku a aljihu, ya ce an kawo sabon tsari. Kowane gida za a ba shi manyan buhunan leda kala uku: kore na ragowar abinci, shuɗi na roba da gwangwani, rawaya na takarda. Mota za ta riƙa zuwa ta kwasa, a kai inda za a sake sarrafa su. Kuma daga yau an hana ƙona shara a gida ko a titi. Aka ce a zaɓi kwamiti na mata da za su bi gida-gida suna bayani, muka saba ce masa lajna. Kafin in buɗe baki an nuna ni, wai ni malama ce kuma bakina ba ya mutuwa. Gaskiya na ji daɗi, har na sayi sabon littafi na rubuta sunayen gidaje.

Daɗin bai kwana biyu ba. Na kawo buhuna uku gida na shimfiɗa wa Inna a tabarma, na fara yi mata karatu kamar 'yar aji uku. Ta saurare ni har na gama, tana tsince shinkafa.

"To, ya bitti, 'yata," ta ce, "me za mu zuba a ciki?"

"Shara mana, Inna."

"Wace sharar?"

Na fara lissafawa a raina. Ragowar abinci awakin maƙwabciyarmu ke ci. Burodin da ya bushe ba a haɗa shi da ƙazanta a garinmu, a leda daban ake rataye shi a ƙofar gida, mai dabbobi ya zo ya ɗauka. Ruwan wanke-wanke bishiyar dogonyaro ke sha, na wanki kuma a yayyafa a tsakar gida. Gwangwanin madara ya zama mazubin sukari, in ya tsufa ya koma na gishiri, in ya yi tsatsa mai kurda, mai sayen tsohon ƙarfe, ya zo da amalanken jakinsa ya kwashe tare da ɓallallun ƙarafa. Robobin ruwa kuma wata baiwar Allah ce da ke sayar da zoɓo mai sanyi a bakin titi take zuwa ta karɓa duk mako. Abin da ke fita daga gidanmu a matsayin shara bai fi ƙasar da aka share da 'yan ledoji ba, su ma sai Inna ta wanke su sau biyu ta shanya kafin ta haƙura da su.

Washegari na dawo daga makaranta na tarar koren buhu ya zama ma'ajin barguna, shuɗin kuma an zuba masa busasshiyar kuɓewa an ƙulle bakinsa tam. Inna ta ce ledar mai kauri ce, haram ne a ba wa shara irin wannan. Na yi faɗa har muryata ta dushe. Na ce ni 'yar lajna ce, in ƙofar gidanmu ba buhu ranar kwasa, da wane ido zan kalli matan unguwa? Na zazzage barguna, na juye kuɓewa a tasa, na kwashe robobin da aka tara wa mai zoɓo na cika shuɗin buhu da su don a ga muna bin doka. Da yamma matar ta yi sallama, ta tsaya daga zaure tana tambayar ko ta yi mana wani laifi ne. Inna ni kawai ta nuna mata da leɓe.

A gidajen mutane ma haka na sha. Wata ta tambaye ni ledar da aka zubo miya a ciki, kore ce ko shuɗi. Wata ta ɗauko tsohon takalmi, rabinsa roba rabinsa fata. Wata tsohuwa ta ce kashin awaki fa, ai shi ma abinci ne da ya rage. Ba wanda ya koya mini amsar ko ɗaya, amma malama ba ta cewa ban sani ba, don haka duk gidan da na shiga sai in yanke hukunci da ƙarfin hali. Daga baya matan suka haɗu a wurin suna suka gano kowacce amsa daban na ba ta. Har yau in na tuna dariyar da suka yi mini sai in ji zafi a kunnena.

Duk wannan bai dami Baba ba. Rawayan buhu ne ya dame shi, da kuma maganar hana ƙonawa. Ya sa na miƙa masa buhun, ya shafa shi ciki da waje.

"Wannan shi ne na takarda?"

"Shi ne, Baba."

"In sun ɗauka, ina za su kai?"

"Masana'anta."

"Su yi me da ita a can?"

Nan ma ban sani ba, amma shi ba zan iya yanke masa hukunci irin na takalmi ba. Na je ofishin hukumar na sami mai biro uku. Ya ce abu mai sauƙi, ana yayyanka takardar ne a jiƙa ta cikin ruwa mai yawa har tawadar ta fita, ta zama kamar kunu, sannan a matse a yi kwalin ƙwai da ita. Ya faɗa yana kallon wata takarda a kan teburinsa, kamar daga nan yake karantowa. Ban tambaye shi ina masana'antar take ba, ban kuma tambaye shi ko ya taɓa zuwa ba. Kalmar ruwa kawai na ji, na taho da ita gida da gudu.

Baba ya yi kwana uku yana juya maganar. Ya tambayi limamin masallacinmu, liman ya ce wanke rubutu da ruwa mai tsarki hanya ce da malamai suka yarda da ita, kamar yadda ake wanke allo. Maganar ƙwai ce ta tsaya masa a wuya. Yana zaune sai in ji ya ce shi kaɗai, "Ƙwai kuma?" A ƙarshe ya yanke cewa in tawada ta fita babu sauran harafi, abin da ya rage takarda ce kawai, ƙwai kuma halal ne. Ran nan bayan magariba ya kira ni.

"Na yarda, amma da sharaɗi. Kada a haɗa su da ƙazanta, kada kuma a yi jifa da su. Kin tabbata haka za a yi?"

"Tamam, Baba. Ni da kaina na tabbatar."

Ban san abin da ya sa na ƙara wannan ni da kaina ba. Ina jin so nake a ce aikin da aka ba ni ya amfani wani, ko mutum ɗaya ne, bayan duk kunyar da na sha. Kuma har ga Allah na ga sauƙi ya zo masa, don barmilin nan da ya ƙi rufuwa yana hana shi sakewa, sau da yawa nakan gan shi tsaye yana danna murfin da tafin hannu.

Buhu ɗaya bai isa ba, sai da na aro uku a maƙwabta, su dama ba su san abin da za su sa a nasu ba. Baba ya yi alwala, ya sa ni da Inna muka yi. Shi ya riƙa ɗebowa daga barmil da hannunsa yana zubawa, mu muna riƙe masa bakin buhu. Takardun shekara kusan uku ne, wasu sun yi ja, wasu da shatin takalmi a jikinsu, wasu da man ta'amiyya. Da safiyar ranar kwasa ya hana a ajiye su a ƙasa. Kujeru biyu aka fitar ƙofar gida aka ɗora su a kai, kore da shuɗi kuma suna gefe a ƙasa, nesa da su.

Wajen hantsi motar ta shigo layinmu. Na leƙa bayanta ina jiran in ga ta biyu da ta uku, ban ga komai ba. Mota ɗaya ce, irin mai baki a baya da ke matse shara. Ma'aikata biyu na tafe a gefenta suna ɗaukar buhuna suna wurgawa ciki, kore, shuɗi, rawaya, duk wanda hannu ya fara kaiwa. Na tsaya ina kallo kamar an dasa ni. A raina ina cewa wataƙila akwai ɗakuna uku a cikin motar da ba na gani daga nan, wataƙila namu da ke kan kujera za su gane daban ne. Kafin in gama wannan tunanin banza ɗayansu ya suri biyu ya cilla, ɗayan ya suri biyu.

"Tsaya! Wannan na takarda ne, ba a haɗawa!"

"Ya ustaza, mota ɗaya aka ba mu," ya ce, ko tsayawa bai yi ba. "A can ake rabawa."

Direba ya danna wani abu, ƙarfen ya sauko ya matse. Na ga rawayan buhu ya fashe, wani ruwa baƙi mai wari ya bi ta kansa. Motar ta yi gaba.

Baba na tsaye daga cikin zaure, hannunsa ɗaya a jikin ƙyaure.

"Sun ɗauka?"

"Sun ɗauka."

"A hankali?"

"A hankali, Baba."

"Na ji kina ɗaga murya."

"Gaishe su nake, injin ne da ƙara."

Ya ce alhamdu lillahi, ya juya ya shiga ciki yana lalube. Na shigar da kujerun ɗaya bayan ɗaya.

Ban je makaranta ba ran nan. Na hau raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa ofishin, mai biro uku ya ce in kwantar da hankalina, sauran motocin suna hanya ba su iso ba tukuna, kafin nan a juji ake rabawa. Na ce to me ya sa ake sa mu raba a gida? Ya ce don mutane su saba. Na ce su saba da me? Ya ce da rabawa. Na tsaya ina kallonsa, shi ma yana kallona, kuma na rantse ba ƙarya nake gani a fuskarsa ba, shi ma abin da aka faɗa masa ke nan.

Daga nan na ce wa mai raksha ya kai ni jujin, can yamma da Omdurman bayan gidaje sun ƙare. Sau biyu yana tambayata ko na tabbata. Ban taɓa zuwa ba, ban kuma taɓa tambayar kaina inda sharar gari ke ƙarewa ba. Fili ne iya ganinka, tudu bayan tudu, hayaƙi na tashi nan da can, awaki na kiwo a kai. Mu aka hana ƙonawa a tasa, ga shi nan wuri guda yana ci ba mai kashewa. Akwai mutane kuwa suna rabawa, wannan gaskiya ne, maza da mata da ƙugiyar ƙarfe a hannu da buhu a baya. Na tari wata mata da ta rufe hancinta da gefen mayafi, na ce ina neman buhuna huɗu rawaya da aka kawo da safe daga Alsawra. Ta nuna mini filin da ƙugiyarta. Rawayan leda ko'ina, a yage, ba iyaka.

"Me ke ciki, zinariya?"

"Takardu."

"Takarda in ta jiƙe ba mai so, 'yar'uwa. Mu roba muke ɗauka da ƙarfe, sai kwali in busasshe ne."

"To masana'antar da ake wanke takarda fa?"

Ta ce ita dai ba ta sani ba, wasu na cewa akwai ta can wajen Khartoum, wasu na cewa za a gina ne. Har shirin ya mutu bayan 'yan watanni ban sami wanda ya ga wurin da idonsa ba, kuma har yanzu ban san ko akwai shi ba.

Na duba ƙarƙashin ƙafata, a kan rubutu nake tsaye. Na matsa, nan ma rubutu ne. Ban san lokacin da na sunkuya na fara tsinta ba, ni da nake gudun Baba a titi. Na tsinta har hannuna ya cika, sannan na ɗaga kai na ga yawan abin da ke gabana, na kuma ga ban ma san ko waɗanda na riƙe daga barmilinmu suke ba. Na rasa in ajiye su ne ko in tafi da su. Na ƙulle su a gefen mayafina na koma gida, na jefa su cikin barmil ba wanda ya gani. Inna ta ji wari a jikina ta kalle ni, na kau da kai.

Kwana biyu Baba na cikin walwala. Ya ci abinci da yawa, har ya tsokani Inna wai ita ma a sa ta a shuɗin buhu a sabunta ta. Ni kuwa na kasa haɗa ido da mutumin da ba ya ma ganina. Na ce wa kaina abin da ya wuce ya wuce, faɗa masa ba zai dawo da takarda ko ɗaya ba, sai dai ya ɓata masa rai a banza. Na kusa yarda da kaina.

Ranar Juma'a ya sa farar jallabiya ya naɗa rawani, ya tsaya a tsakar gida yana laluben sandarsa. Na miƙa masa.

"Yau zan ce wa liman ya yi sanarwa bayan salla," ya ce. "Duk mai takardu a gida ya fito da su. Akwai ma tsofaffin shafukan Alƙur'ani da suka yayyage a kabad ɗin masallaci, shekara da shekaru an rasa yadda za a yi da su. Zan ce 'yata ce a lajna, ita ta tabbatar."

Ya fita. Na tsaya riƙe da ƙyaure har ya kusa kwanar layi, sannan na zari mayafi na bi shi ba takalmi, ƙasa na ƙona mini ƙafa. Na sha gabansa na faɗa masa komai a tsaye, motar, ƙarfen da ya matse, jujin, matar da ƙugiyarta. Ina magana ina kuka, mutane na wucewa da dardumansu suna kallonmu.

Na so ya yi mini tsawa, bai yi ba. Ya jingina da sandar.

"Ke kin ga wannan da idonki?"

"Na gani."

"Da kika ce kin tabbatar fa?"

"Ban je ba, Baba. Faɗa mini aka yi."

"To," ya ce. Can kuma ya ƙara, a hankali, "Da hannuna na zuba su."

Na ce laifina ne, ni na yi masa ƙarya, in ya yarda zan koyi ƙonawa yadda yake so, a ɓoye, ni zan riƙa kai tokar Nilu. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce in koma gida ƙafata za ta ƙone, ya ci gaba da tafiya. Ban koma ba, na bi shi a baya kaɗan.

Bai yi taku ashirin ba bakin sandarsa ya taɓa wata guntuwar jarida a gindin katanga. Na ji motsinta, shi ma ya ji. Ya tsaya. Na jira ya sunkuya, har na matso don in riƙe masa sandar. Ya daɗe a tsaye, sandar na kan gefen takardar.

"In na ɗauka," ya ce, ba tare da ya juyo ba, "ina zan kai ta?"

Ya janye sandarsa, ya kewaye takardar a hankali don kada ya taka ta, ya nufi masallaci.